Wasiƙa: Wace babbar libarba ce ta dace da mai ɗura wa kansa harsashi?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon fili a jaridarku kan wata gardama da ta cika fadodin samari a nan Tawa da Yamai, tun da bidiyon manyan bindigogin libarba na Amurka suka fara yawo a WhatsApp da TikTok. Wannan ya ce .500 ce gaba, wancan ya ce .454. 'Yan uwanmu kuma da ke zaune a Faransa, Beljiyam da Amurka, waɗanda suka shiga ƙungiyoyin wasan harbi da takardunsu, suna yin tambayar da gaske, domin kuɗinsu da yatsunsu ne a ciki: wace kaliba, wato nau'in harsashi da bindigar da ke cin sa, ce ta dace da mutumin da yake ɗura wa kansa harsashi, ma'ana yake haɗa shi da hannunsa? Amsata ita ce .44 Magnum ga mafi yawan mutane, .45 Colt ga mai tsananin kula, sauran kuma ga 'yan tsiraru masu dalili na musamman. Ga hujjojina.

Sai dai a fara da doka. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, farauta kuma tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998. Muna da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai, kuma a jiharmu ta Tawa an sa Tillia da Tassara cikin dokar ta-ɓaci a 2017. Wanda ba shi da takarda ya karanta wannan wasiƙa don sani kawai. Ba zan kuma rubuta awon hoda na kowane ɗuri ba, domin wurin ɗaukar wannan awo ɗaya ne tak: sabon littafin ɗuri na kamfanin da ya yi hodar, ƙwayar ko kayan ɗurin, irin su Hodgdon, Vihtavuori, Hornady, Speer da Lyman.

Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, ƙyastun da ke gindinsa, hoda, da ƙwayar da ke fita. Mai ɗuri yakan ɗauki kwanson da aka harba ya matse shi ya koma girmansa, ya fitar da tsohon ƙyastu ya sa sabo, ya ɗan buɗa bakin, ya auna hoda ya zuba, ya zaunar da ƙwaya, sannan ya ɗaure baki. Duk wannan aiki abu guda ke mulkinsa, wato matsin da hoda ke haifarwa a cikin ganga, ƙarfen nan mai juyawa da ke ɗauke da ɗakunan harsashi, lokacin da ta kama. Tayar mota tana ɗauke da iskar da ba ta wuce bar 2.5 ba. Bisa ƙa'idar ƙungiyar SAAMI ta Amurka mai tsara ma'aunin bindigogi da harsasai, iyakar .45 Colt kimanin bar 965 ce, ta .357 Magnum kimanin 2,400, ta .41 da .44 Magnum kusan 2,500, ta .480 Ruger 3,300, ta .500 S&W 4,100, ta .454 Casull da .460 S&W kuwa kusan 4,500. Hukumar CIP ta Turai tana da nata alƙaluman, kuma hanyar awonta daban ce, don haka kada a gauraya na wannan da na waccan.

Lambar da ke jikin kaliba ma ba ita ce ainihin kaurin ƙwaya ba. Ƙwayar .44 inci 0.429 ce, wato milimita 10.9. .45 Colt da .454 da .460 duk ƙwaya ɗaya suke ci ta fuskar kauri, inci 0.452, milimita 11.5. Ta .480 Ruger inci 0.475 ce. Wanda ya sayi ƙwayar doguwar bindiga .45-70 mai inci 0.458 don ya ga «45» a jikin kwali, ya cusa ta a libarba, ya jawo wa kansa matsin da ba ya cikin kowane littafi.

.44 Magnum ta fito ne a tsakanin 1955 da 1956, daga kamfanonin Remington da Smith & Wesson, bayan wani maharbin Amurka mai suna Elmer Keith ya yi shekaru yana ƙara wa .44 Special nauyin ɗuri. An tsawaita kwanson da kimanin milimita 3, ya kai 32.6, don kada sabon harsashin ya shiga tsofaffin bindigogin .44 Special. Wannan ƙaramar dabara ita ce babban dalilin da ya sa nake fifita ta. Duk bindigar da aka buga wa hatimin .44 Magnum an gina ta ne don ta ɗauki matsin .44 Magnum. Rufi ɗaya ne, wato iyakar matsi ɗaya, kuma kowane littafi ya san shi. A ƙarƙashin wannan rufi mai ɗuri yana da fili mai faɗi: ƙwaya daga giren 180 har 300 (giren awon nauyi ne da masu ɗuri ke amfani da shi), gudu daga kimanin mita 250 a daƙiƙa don atisaye har sama da 400 da ƙwayar giren 240, wadda nauyinta giram 15.6 ne. Kwanso, ƙwaya da ƙarafan ɗuri ana samun su a kusan kowane shagon kayan harbi a Turai da Amurka. Ɗuri mai sauƙi a cikin kwanson magnum ya wadatar, ba sai an sayi kwanson .44 Special ba. Abin lura kawai shi ne Smith & Wesson samfurin 29 ta fi Ruger Redhawk ko Super Blackhawk saurin sassautawa in kullum ɗuri mai nauyi ake ba ta. Mai son nauyi a kai a kai ya nemi Ruger.

.41 Magnum ta 1964 kaliba ce mai kyau, naushinta, wato bugun da bindiga ke yi baya in an harba, ya ɗan fi na .44 sauƙi, amma kayanta sun yi ƙaranci, nau'in ƙwayarta kuma kusan duk a kan giren 210 ya tsaya. Wanda ma .44 ta yi masa yawa ya koma .357 Magnum ta 1935 ba tare da jin kunya ba. A kan takardar harbi a mita 25 babu abin da zai rasa.

A kan .45 Colt ne nake so in daɗe, domin a nan aka fi samun haɗari. An ƙirƙire ta a 1873 don baƙar hoda, giren 40 cike da kwanso. Hodar zamani mara hayaƙi ta fi waccan ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda haka ɗurin yau ɗan kaɗan ne a gindin babban kwanso. In hankalin mutum ya rabu ya zuba sau biyu, hodar ba za ta zubo ba balle ya gani, kwanson zai haɗiye duka. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu shi ne kalibar tana da rufi biyu. Akwai ɗurin asali na ƙasa da bar 1,000, wanda ya dace da Colt Single Action Army da kwafinta na Italiya irin na Uberti da Pietta. Akwai kuma wani sashe daban a littattafan ɗuri da aka keɓe wa Ruger Blackhawk da makamantanta masu kaurin ganga, inda matsin kan ninka haka, ya doshi bar 2,000. A ido harsasan biyu iri ɗaya ne, kuma mai nauyin yana shiga tsohuwar bindiga lafiya lau. Bangon gangar Colt siriri ne, musamman a gurbin da makulli ke kamawa. In ya fashe, ɗakunan sama na ganga ke tashi tare da ƙarfen da ya rufe su, gutsattsarin kuma ya nufi fuskar maharbi da ta wanda ke gefensa. Ko sunan Ruger kansa bai isa hujja ba: New Vaquero da ta fito a 2005 an yi ta a kan ƙaramin jiki, ba ta ɗaukar ɗurin da tsohuwar Vaquero ke ɗauka.

Duk da haka .45 Colt tana da abin yabo na gaske. Faɗin gindin ƙwayarta ya fi na .44, don haka a bindiga mai ƙarfi tana tura ƙwayar giren 300 ta yi aikin .44 Magnum da matsi ƙasa da nata. Marigayi maƙerin bindiga John Linebaugh na jihar Wyoming ya daɗe yana kare wannan ra'ayi, kuma yana da gaskiya. Sharaɗin shi ne mai ita ya kasance mutum mai tsari. Ya ware wa ɗuri mai nauyi siffar ƙwaya ta daban wadda ba ya amfani da ita a mai sauƙi, ya rubuta a kan kowane kwali sunan hoda, awonta, nauyin ƙwaya, kwanan wata da bindigar da aka yi wa. Mafi aminci ma shi ne gidan da akwai tsohuwar .45 kada a taɓa yin ɗuri mai nauyi a cikinsa, domin wata rana ɗa ko aboki ne zai buɗe kwalin. Akwai kuma wasu ƙananan matsaloli biyu. Maƙogwaron ɗakunan ganga, wato bakin gaba da ƙwaya ke fita ta cikinsa zuwa bututu, a bindigogin .45 Colt ba su cika zuwa da awo ɗaya ba. In sun fi bututu ƙunci sai su matse ƙwayar dalma ta shiga bututu a sake, wuta ta bi gefenta, dalma ta manne, saiti ya lalace. Leɓen gindin kwanson kuma ƙarami ne, milimita 13 a kan jiki mai 12.2, har a wasu bindigogin mafitar kwanso takan tsallake shi ya maƙale a ƙarƙashinta.

.454 Casull aikin maƙerin bindiga Dick Casull ne tun ƙarshen shekarun 1950, amma sai a 1983 kamfanin Freedom Arms ya fara ƙera mata bindiga mai ɗaki biyar. Tsawon kwansonta milimita 35.1, kuma ƙaramin ƙyastun doguwar bindiga take ci, domin fatarsa ta fi kauri. Tana kai ƙwayar giren 300 kimanin mita 500 a daƙiƙa. A wannan gudu ƙwayar da aka yi wa siririyar rigar jan ƙarfe don .45 Colt ba ta jurewa, tana iya kwaɓewa ta ci bakin bututu, sai an nemi wadda kamfani ya rubuta cewa ta magnum ce. Masu sayarwa suna yawan cewa ai tana cin .45 Colt ma, ka sami biyu a kuɗin ɗaya. Haka ne, amma gajeren kwanso yana barin zoben toka da dalma a gaban ɗakin ganga. In aka sa dogon kwanso ba a goge zoben ba, sai ya riƙe bakin kwanson ya hana shi sakin ƙwaya, a kalibar da dama tana kan bar 4,500. A goge da burushin tagulla har ƙarfe ya fito fes, ko kuma a yi ɗuri mai sauƙi a cikin kwanson .454 ɗin kansa.

.500 S&W ta 2003 da .460 S&W ta 2005 bindigoginsu sun kai kilo biyu. .460 tana da kwanso mai milimita 45.7, tana harba ƙwayar giren 200 kusan mita 700 a daƙiƙa. An yi su ne don manyan namun daji irin su beyar Alaska. Mai ɗurin .500 ya duba gindin kwanso da kyau: na farkon fitowa an yi su don babban ƙyastun ƙaramar bindiga, na baya don na doguwar bindiga, wasu kamfanoni suna buga musu harafin R. Ƙyastun doguwar bindiga ya fi tsayi, in aka sa shi a gurbin da ba nasa ba zai yi tudu. .480 Ruger ta fi su hankali a wurina, ƙwaya mai nauyi a matsakaicin gudu, sai dai samun kwansonta wahala ne.

A yi lissafin aljihu ma. Gwangwanin hoda na laba ɗaya giram 454 ne, wato giren 7,000. A cikakken ɗurin .44 Magnum zai ba da harsashi wajen 300, a .500 ba zai kai 200 ba, a sassauƙan ɗurin .45 Colt kuwa ya haura 700. Ƙwayar .500 ita ma ta fi tsada nesa. Wanda harsashi ya yi wa tsada ba ya atisaye. Ga kuma naushi: na .454 ya kusa ninka na .44 Magnum a bindigogi masu kusan nauyi ɗaya. Hannun da ya sha wannan naushi yakan koyi tsoro, ya riƙa dukar da baki ƙasa kafin kunama ta saki. Gwajin mai sauƙi ne. Abokin harbi ya cusa harsashi guda mara hoda mara ƙyastu a cikin ganga ba tare da ka san gurbinsa ba. In bakin bindiga ya nutse lokacin da guduma ta faɗa a kansa, kalibar ta fi ƙarfinka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sabon hannu kuma in zai gwada .500, harsashi ɗaya kawai za a sa masa, domin an sha ganin naushin ya sa yatsa ya sake jan kunama bindiga tana kallon sama. Ƙarar waɗannan bindigogi ta haura desibel 160, toshe kunne biyu ake yi, na ciki da na waje.

Ga mu da muka yi karatu da awon Faransa akwai tarko na musamman. Littattafan Amurka da giren suke awo, suna taƙaita shi «gr». Giren ɗaya giram 0.0648 ne, giram ɗaya kuma giren 15.4. Wanda ya karanta «gr» a matsayin giram, ko ya bar sikelinsa a kan awon da ba shi ba, ya yi kuskuren ninki goma sha biyar. A duba abin da sikeli ke nunawa kafin kowane zama, a gwada shi da ma'aunin gwaji.

Ƙa'idar da aka sani ita ce a fara daga awon farawa na littafi, wanda yawanci kashi 10 cikin ɗari ne ƙasa da iyaka, a riƙa hawa kaɗan-kaɗan. Hoda mai jinkirin ci irin H110 da W296, waɗanda abu ɗaya ne a gwangwani biyu, ba ta bin wannan ƙa'ida. Kamfanin Hodgdon ya yi gargaɗin kada a rage ta fiye da kashi 3 cikin ɗari, kuma tana son ƙyastun magnum da ɗaurin baki mai ƙarfi. In an rage ta ba ta kamawa sosai, ƙwaya ta tsaya a tsakiyar bututu. Haka ma in an manta hoda gaba ɗaya, ƙyastu kaɗai ya isa ya tura ƙwaya ta maƙale. Harbi na biyu a kanta shi ke kumbura bututu ko ya fasa shi. Duk lokacin da ƙara ta yi rauni ko naushi ya ɓace, a tsaya, a zazzage ganga, a zura sanda a bututu. Don ɗuri mai sauƙi a koma matsakaiciyar hoda da littafi ya ambata, a jera kwansuna a faranti, a haska tocila a cikin kowanne kafin a ɗora ƙwaya. Gwangwani ɗaya kawai ake ajiyewa a kan tebur.

Ɗaurin baki a manyan kaliba wajibi ne. Idan bindiga ta yi baya da ƙarfi, ƙwayoyin da ke sauran ɗakuna sukan zame gaba kaɗan-kaɗan har ɗaya ta leƙo ta gaban ganga ta hana ta juyawa. Maganinsa a datse kwansuna su zama tsawo ɗaya, a naɗe bakin cikin tsagin da ke jikin ƙwaya, kada kuma a buɗa baki fiye da kima tun farko. A gwada: a auna harsashi guda, a bar shi a ganga a harba sauran, a sake auna shi. Ƙyastu kuma ya zauna ƙasa da gindin kwanso kaɗan, yadda yatsa zai ji ɗan rami. Kada mutum ya dogara da kallon ƙyastu don gane matsi ya yi yawa, tsohuwar .45 Colt za ta fashe tun ƙyastun bai nuna komai ba. Kwanso ya riƙa maƙalewa wajen fita, wannan alama ce ta a koma baya nan take. Tsakanin ganga da bututu kuma akwai tsaga ta kimanin milimita 0.15 inda wuta ke fita gefe, a .460 wannan wuta tana yanke babban yatsa in ya kai wurin.

Yanayinmu ma yana da nasa hukunci, ga duk wanda doka ta ba izini a ƙasa mai zafi. Awon littattafai ana yin sa ne a kimanin digiri 21. A Tawa watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40 a inuwa, cikin mota a rufe kuwa ya wuce haka sosai. Ɗurin da yake daf da iyaka a lokacin sanyi yana iya ƙetare ta a bazara. Zafi yana kuma tsufar da hoda. In ta fara wari mai yaji ko jan ƙura ya bayyana a gwangwani, ta lalace. A lokacin hunturu busasshiyar iska tana tara lantarki a jikin roba, hoda ta riƙa mannewa a mazurari awo ya rikice, ƙura kuma ta karce kwanso da ƙarfen matsi. Sikelin hannu mai ma'auni ya fi na lantarki aminci inda wuta ke yawan ɗaukewa, kuma a kashe fanka lokacin awo.

Masu zuba ƙwayar dalma da kansu su auna maƙogwaron ganga, su yi ƙwayar daidai da shi, ta fi ramin bututu da kimanin milimita 0.025. In gudu zai haura mita 430 a daƙiƙa sai an sa mata hular jan ƙarfe a gindi. Dalma tana narkewa a digiri 327, kuma ɗigon ruwa ɗaya da ya nutse a cikinta yana watsa tukunyar duka. Kada a narka dalmar batirin mota: gaurayenta yana fitar da iska mai guba in dattin ya haɗu da laima. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu. A yi aikin a fili, nesa da madafa da wurin wasan yara, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Abu na ƙarshe, Malam Edita, ya shafi mafarautanmu na karkara, kuma ina roƙon ku isar musu da shi ko ta rediyo ne. Bindigar gargajiya da maƙera ke yi da bututun ƙarfe, baƙar hoda kaɗai take iya ɗauka. Wasu suna farke kartushin zamani su juye hodarsa a cikinta da mudun da suka saba awon baƙar hoda. Hoda mara hayaƙi a wannan awo tana haifar da matsin da ya ninka abin da bututun zai jure sau da yawa, kuma ta gindi yake fashewa, daidai inda ido da hannun hagu suke. Babu wani awo na hodar zamani, komai ƙanƙantarsa, da ya dace da irin wannan bindiga.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Mai karatu daga Tawa